Matar Mindoro a Ofishin Kawu

Ban taɓa jin sunan Hanunoo ba sai a shekarata ta biyu a Guangzhou, ranar da malamar da ke duba aikina ta kira ni ofishinta, ta turo mini wani tsohon ƙamus mai warin ajiya. Digiri na biyu nake yi a fannin nazarin harshe. Ita kuwa 'yar ƙasar China ce, gajeruwa, ba ta cika dariya ba, ta daɗe tana bin harsunan tsibiran Filifin. A gabanta "lawshi" nake ce mata, wato malami da Sinanci, kamar kowane ɗalibi, a bayan idonta kuma Malama.

Ta ce harshen wasu mutanen kan duwatsu ne a tsibirin Mindoro, suna da rubutunsu na kansu da suke zanawa a jikin gora da tsinin wuƙa. An samo mata wata mace mai jin harshen a nan cikin gari, tana aikin raino a gidan wasu 'yan ƙasarsu, ranar Lahadi kaɗai take fita. Tana so in riƙa zama da su, in kula da na'urar ɗaukar murya, in kuma rubuta duk abin da aka faɗa.

Na ce, "Me ya sa ni, lawshi?"

Ta ce, "Kunnenki. Harshenku yana raba dogon wasali da gajere. Kina jin abin da sauran ba sa ji."

Na yi godiya, amma ban gamsu ba. A raina na ce Turancina take so, tunda matar ba ta jin Sinanci sosai, ni in sha wahalar rubutu, suna kuma ya fito nata.

Matsalar farko ita ce wurin zama. Matar ta zo har ƙofar jami'a, da ta ga mai gadi yana rubuta sunan duk baƙon da zai shiga, sai ta juya. Malama ta yi lallashi ta waya, ta ƙi. Ni na kawo shawarar ofishin Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ke tura takalma da jakunkuna Kano daga wani ɗan ɗaki a can saman benen 'yan kasuwa na Tianxiu. Ranar Lahadi bayan azahar ba ya samun baƙi sosai.

Kawu ya ajiye wayarsa ya dube ni.

"Yare ne da ba a ciniki da shi?"

"Ba a yi, Kawu."

"Ba kuma na addini ba ne?"

"A'a."

"To me 'yar China take nema da shi? 'Yata, mutanen nan ba sa yin abu don Allah. Ki bincika da kyau."

Daga ƙarshe ya yarda, da sharaɗin yana zaune za a yi komai.

Ranar farko na sauka na taro su a bakin titin Huanshi. Matar ta haura hamsin, siririya, da jakar leda a hannu, da wani ɗan abin wuya na ƙananan duwatsu. Da muka shiga ofis ta bi kwalayen da ke jibge da kallo, ta dubi Kawu, ta dubi silin, sannan ta zaɓi kujerar da ke kusa da ƙofa. Kawu ya gaishe ta da Sinanci, ya ce mata "ni hao", ta gyaɗa kai kawai.

Malama ta fito da takardar amincewa, wadda doka ce a sa mata hannu kafin a ɗauki muryar kowa. Matar ta riƙe hannayenta a cinya.

"Ba na sa hannu a takarda," in ji ta da Turancinta mai tsinkewa.

"Don kare ki ne," in ji Malama.

"To a kare ni ba takarda."

Aka daidaita a kan ta faɗi amincewarta da baki. Kafin ta faɗa sai da ta tambayi wa zai ji, a ina za a ajiye, wannan mutumin mai carbi fa, shi wane ne. Na ce kawuna ne. Ta ce ni fa, me ya kawo ni daga Afirka in koyi maganar mutanen dutse? Na ce karatu ne.

Muka fara da abin da ake farawa da shi: ƙidaya, sassan jiki, dangi. Da aka zo kan uwa ta ce "ina". Na yi murmushi na gaya mata mu ma muna cewa inna. Ta sa na maimaita sau biyu, kamar mai zargin na ƙirƙira ne don in saye ta. Tun daga ranar Inna nake kiranta, ba ta hana ba, ba ta kuma nuna ta ji daɗi ba.

Aikina na mako shi ne in zauna a ɗakin karatu da abin ji a kunne, in rubuta kowace kalma, in duba ta a tsohon ƙamus ɗin, wanda wani Bature ya haɗa tun kafin a haifi mahaifiyata. Makonni biyu na farko komai ya yi daidai. Ɗaya, biyu, uku, ido, hannu, duk suna nan yadda ta faɗa. A mako na uku muka shiga gida da gona da ruwa da itatuwa, sai abu ya fara kaucewa. Ƙamus ya ce gida "balay", Inna ta ce "layba". Ƙamus ya ce ruwa "danum", ita ta faɗi wani abu da na rubuta "numda". Sunayen bishiyoyi kuwa da na ciyayi, kusan babu wanda na samu.

Na kai wa Malama. Na ɗauka ranta zai ɓaci, sai na ga idonta ya yi haske. Ta ce ƙamus ɗin daga yanki ɗaya aka tattara shi, Inna kuma ta ce ƙauyensu yana can ciki, bayan wani kogi. Wataƙila karin harshe ne da ba a taɓa rubutawa ba. Akwai taron masana da za a yi nan gaba, za ta fara shirya takarda.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Tunanin farko da ya zo mini shi ne Inna ba Bahanunuwa ba ce sam. Wataƙila 'yar birni ce da ta tsinci ƙidaya da 'yan kalmomi a kasuwa, da aka zo wurin da iliminta ya ƙare sai ta shiga ƙirƙira. Na fara lura da ita. Idan aka tambaye ta hanci ko kunne, amsa take fitowa kamar numfashi. Idan aka tambaye ta rafi ko tudu, sai ta ɗan dakata, leɓenta ya motsa, sannan ta faɗa. Dakatawar ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba, amma a cikin na'ura ina jin ta sarai.

Ana cikin haka Malama ta roƙe ta ta nuna mana rubutun. Lahadin da ta biyo baya Inna ta zo da guntun gora da ta tsinto a inda ake gyaran wani gini, ta ari 'yar wuƙar da Kawu ke yanke igiyar kwali da ita. Ta kwantar da gorar a cinya ta shiga zane, daga wajen cikinta tana yin gaba. Alamomin masu kusurwa ne, kamar sawun kaza a kan laka. Kowace alama baƙi ne da wasali, baƙin ƙarshen gaɓa kuma ba a rubuta shi, mai karatu ne zai cike da kansa. Ta rubuta mana kalmomi kamar goma, ta bar gorar a kan tebur.

Washegari Kawu ya kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa.

"Zo ki ɗauke wannan abin daga ofishina."

"Wane abu, Kawu?"

"Hatimin da matar nan ta bari. Tun safe mutum biyu suka shigo suka fita ba su sayi komai ba."

Na ce rubutu ne kawai, gida da ruwa da shinkafa. Ya ce haka aka gaya mini. Ashe kafin in iso har ya naɗe gorar a leda ya kai wa wani dattijo mutumin Damagaram da ke sayar da yadi a hawa na ƙasa, wanda aka san shi da ilimi. Dattijon ya jujjuya ta, ya ce shi dai bai taɓa ganin hatimi irin wannan ba, kuma babu sunan Allah babu na aljani a ciki da ya gane. Wannan bai kwantar wa Kawu da hankali ba, cewa ya yi abin ya fi ƙarfin malamin ne. Ya miƙo mini ledar da yatsu biyu. Bai hana mu zuwa ba, amma daga ranar kujerarsa ta matso kusa da tebur, carbinsa kuma ya ƙara sauri.

A ɗakina na zauna da gorar da jadawalin alamomin da ke cikin littattafan Malama. Na nemo kalmar gida. Alamomi biyu ne. Na karanta daga sama, suka ba ni "la" da "ba", wato layba, yadda ta faɗa. Har na ji kunyar zargin da nake yi mata. Sai na tuna daga jikinta ta fara tana yin gaba. Na juya gorar na karanta daga ɗaya gefen: "ba", "la". Balay. Abin da ke cikin ƙamus.

Na daɗe ina kallon alamomin nan biyu. Layba, balay. Numda, danum. Sai kawai na ji muryar yayata a tsakar gidanmu na Kano, muna yara, tana ce mini in ɗauko "waru" a "dagi" don kada ƙannenmu su gane ruwa da gida take nufi. Zaurance! Shekara nawa muka yi muna juya gaɓoɓi muna zagin mutane a gabansu. Ga ni da digiri, na yi wata guda ina rubuta zaurance da haruffan masana, ina sa masa alamar tsawon wasali.

Duk da haka ban yarda da kaina ba, don ban tabbata gefen da ta fara ba. Lahadi na ce wa Inna na ɓatar da gorar, ta sake rubuta mini gida. Ban kalli fuskarta ba, tsinin wuƙar na kalla. "Ba" ta fara zanawa.

Na koma kan duk abin da muka ɗauka. Ba kowace kalma ke juyuwa da sauƙi ba. Wasu na mayar da su na same su a ƙamus, wasu ko ta yaya na juya ba sa ba da komai. Amma abu ɗaya ya fito fili: mai ƙirƙira ba ta iya wannan. Sai wanda harshen ke cikin bakinsa tun yarinta zai juya kalma cikin ƙiftawar ido bai yi tuntuɓe ba. Inna ta san abin da take yi. Kuma ba ko'ina take yi ba. Jiki da dangi da ƙidaya ta ba mu su lafiya. Duk abin da ya shafi ƙasa, ruwa, itace, hanya, shi ta murɗe.

Na kwana biyu ina juya maganar. In na gaya wa Malama, za ta iya cewa hassada ce, ko ta kori matar. In na yi shiru, za ta tsaya gaban masana da takardar da aka gina a kan wasan yara, ranar da asiri ya tonu kuma a ce wa ya rubuta? Ni. Na yanke shawarar in fara jin ta bakin Inna.

Bayan zama na gaba na ce zan raka ta tashar jirgin ƙasa. La'asar ce, zafi da danshi, gadar masu tafiya a ƙasa cike da mutane da buhuna. A tsakiyar gadar na tsaya na ce mata da Turanci, "Inna, a garinmu gida sunansa gida. Amma in ba ma so a gane, sai mu ce dagi."

Ba ta tsaya ba sai da ta yi taku uku. Ta juyo.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Mu ma muna yi."

"Ita malamar taki ta sani?"

"Tukuna."

Ta matsa jikin ƙarfen gadar, ta riƙe jakarta da hannu biyu. Ta tambaye ni ko na'urar tana cikin jakata. Na buɗe na nuna mata a kashe take. Ta sa na cire batirin.

Sannan ta ce a wurinsu samari da 'yan mata ne ke irin wannan magana, in ana zance ba a so manya su ji. Ita tun tana budurwa ba ta sake yi ba sai yanzu. Ta ce tana yarinya wasu mutane suka hau dutsensu da na'ura da littafi, masu fara'a, suna ba yara alewa. Suka zauna da kakanta suna tambaya: wannan rafin me sunansa, wancan tudun fa, wannan itacen me ake yi da shi. Tsohon ya ji daɗi an zo neman saninsa, ya faɗa musu duka, ya dangwala yatsa a takardarsu. Bayan wasu shekaru wasu suka zo da taswira, sunayen nan duka a jiki, an rubuta su daidai, aka ce daga rafi kaza zuwa tudu kaza ba nasu ba ne.

"Su ne masu littafin suka dawo?" na tambaya.

"Ban sani ba. Sunayen dai namu ne, ba mu kuma ba kowa ba sai su."

Na ce Malama ba ta taɓa zuwa ƙauyensu ba, ba ruwanta da ƙasa, kalmomi take so.

"Ke kin san wa ke ba ta abin da take aikin da shi? Kin san wa zai karanta?" Ta dube ni. "Ke kanki kin yarda da ita?"

Na mayar da na'urar cikin jakata.

"Kawunki ma," in ji ta, "kullum yana danna waya yana kallona. Na ɗauka shi ne ke aika rahoto."

Dariya ta kuɓuce mini. Na gaya mata shi kuma tsoron gorarta yake, ya ce asiri ta binne masa a ofis. Ita ma ta yi dariya, sannan ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Wannan ne karo na farko da na ga haƙoranta. Amma da na ce dole in gaya wa Malama, fuskar ta koma yadda take.

"To me ya sa kika yi ta zuwa?" na ce. "Da kin ƙi tun farko."

Ta ce shekara shida ke nan ba ta faɗi kalma ɗaya ta harshenta a gaban mutum ba. Ko a gidan da take aiki, yaren birni ake yi. Ta gyara jakarta ta ce, "Gaya mata." Ta sauka matakala ta shige cikin mutane.

Ranar Litinin na je ofishin Malama da jerin kalmomin, kowace da juyinta a gefe. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama. Kunnuwanta suka yi ja. Ta ɗauko wani littafi daga kanta, ta buɗe wani shafi ta ajiye a gabana. Ashe an daɗe da rubuta cewa mutanen suna da irin wannan wasa. Ta sani, ta ma taɓa koyar da shi a aji.

"Tun yaushe kika gane?"

"Mako biyu."

"Mako biyu kina kallona ina rubuta takarda."

Na ce ina so in tabbatar ne. Ta tambaye ni me muke cewa da Inna in na raka ta, ko ni na taɓa ba ta labarin wannan wasan namu tun farko. Na gane inda ta dosa. Na ce ta saurari na'urar, juyin ya fara tun kafin mu taɓa keɓewa. Ta ce za ta saurara. Kuma ta saurara, don bayan kwana uku ta aiko mini da saƙo cewa ta janye takardar, in tambayi Inna ko za ta dawo.

Ta dawo, sau biyu. A zaman farko Malama ta cire duk tambayoyin sunayen wurare ta yaga a gaban Inna, ta ce mata duk abin da ba ta so ta faɗa ta ce "meyo", babu, a wuce. Inna ta gyara mana gida da ruwa da gona da wasu da dama. Da aka zo itatuwa, "meyo" ta yi ta faɗa, ɗaya bayan ɗaya, har Kawu ya ɗago kai ya ce da Hausa, "Wannan ta fi 'yan kasuwar Sanyuanli iya cewa babu." Wasu kuma ta ba da sababbin kalmomi da ba su cikin ƙamus, ba kuma juyin na farko ba ne. Na kasa kunne ko zan ji dakatawar nan. Wani lokaci ina ji kamar akwai, wani lokaci babu.

A zama na biyu, da aka gama, Inna ta ce a kashe na'ura. Ta rufe ido ta rera wata gajeruwar waƙa irin tasu, murya a ƙasa, layukan duk tsawonsu ɗaya. Malama ta kai hannu ga alƙalami, Inna ta buɗe ido, sai Malama ta mayar da hannun. Na tambaye ta me waƙar ke cewa. Ta ce ba ta fassaruwa. Kawu ya miƙa mata shayi da hannunsa, ta karɓa ta sha rabi.

Lahadin da ta biyo baya ba ta zo ba. Ta aiko da saƙo cewa masu gidanta za su koma wani gari, da ita za a tafi. Na kira bayan mako biyu, layin ba ya shiga.

Ƙarshen zangon, ni da Malama muka zauna muka raba kalmomin kashi uku: waɗanda muka tabbatar, waɗanda muka san juyayyu ne, da waɗanda ba mu sani ba. Kashi na ukun ya fi kowanne tsawo. Malama ta sa sunana tare da nata a kan ɗan rahoton da ya fito daga ciki, shafi kaɗan, rabinsa bayanin abin da ba za a dogara da shi ba.

Muna tattara takardu ta tambaye ni, "Gyaran da ta yi mana na ƙarshe, kina ganin gaskiya ne?"

Na ce, "Wasu dai."

"Waɗanne?"

Na ce ban sani ba. Ta rufe kwamfutarta, ta ce in zo mu je mu ci taliya a shagon Musulmin da ke bayan makaranta, yunwa take ji.